Yadda ake ɗora kwalekwale kan ƙaramar tirela a bakin tabki idan babu mai kama maka

Tun da ruwa ya fara ja da baya ƴan'uwa masunta ke aiko mini da tambaya iri ɗaya, daga Gidimuni, daga Lasuri, har daga ƙananan tabkunan kewayen Mirya. Mutum ya gama aiki a wannan ruwa, yana so ya kai jirginsa wani ruwan ko ya kawo shi Damagaram gyara. Ga mota, ga ƙaramar tirela mai taya biyu, amma yaran da ke taya shi sun tafi makaranta ko cin rani. Yaya zai yi?

Ana iyawa, ɗan'uwa. Amma ka san cewa ba kai ne za ka ɗauki jirgin ba. Ruwa ne zai ɗauke shi, igiya ta ja shi, kai kuma aikinka ka tabbatar abu ɗaya ne kawai ke motsi a kowane lokaci. Idan jirgi na tafiya, mota da tirela a kafe suke. Idan mota na tafiya, jirgi a ɗaure yake. Da yawan raunin da ake ji a wannan aiki daga karya wannan ƙa'ida yake fitowa, shi ya sa za ka ga ina ta komawa kanta.

1. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Igiya biyu masu kaurin milimita 12 ko kusa da haka. Ta goshin jirgi ta ninka tsawon jirgin sau biyu har da ɗoriya, ta baya kuma ta kai tsawon jirgin. Idan ka sami irin wadda ke tasowa kan ruwa ta fi, don ba za ta nutse ta naɗe a ƙarfen tayoyi ba. Waigi huɗu na katako mai tauri don tare taya. Bel ɗin ɗaure kaya mai maƙulli guda biyu ko uku. Guntuwar sarƙa da ƙugiya. Katako biyu masu faɗi da tsawo. Shebur, guduma, turken ƙarfe, bokiti, safar hannu, takalmin roba mai tsawo, rigar kariya ta ruwa, jak, da tayar ko-ta-kwana.

Sai winci, wato na'urar ja ta hannu mai haƙora, wanda ake kafawa a gaban tirela. A cikin kayan nan shi ne mai tsada, kuma a kansa nake roƙon kada a tsuke hannu. Igiya da waigi da bokiti kuɗinsu kaɗan ne, Kasuwar Dole ma za ta wadatar da kai, waigi kuwa kafinta zai yanka maka daga ragowar katako. Amma winci mai ruɓaɓɓen harshe, wanda ba ya kama haƙori sosai, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗaura. Kafin ka biya, ka murɗa shi ka saurari ƙarar harshen yana faɗawa cikin kowane haƙori, sannan ka duba nauyin da aka rubuta a jikinsa, ya zarce nauyin jirginka da nisa. Yawancin irin waɗannan kaya daga Kano suke shigowa, farashinsu na bin canjin naira, saboda haka ka tambayi shago biyu ko uku a ranar da za ka saya.

Wanda bai da halin winci sai ya nemi ƙaramar tayar ƙarfe mai kwari irin ta bakin rijiya. Ka ɗaure ta a goshin jirgi, ka ɗaure bakin igiya ɗaya a gaban tirela, ka zaga da igiyar ta cikin tayar ta dawo hannunka. Ƙarfin da za ka sa ya ragu da rabi, sai dai igiyar da za ka ja ta ninka.

Kuɗi na biyu na mai walda ne. Tirelar ɗaukar buhu ba ta ɗaukar jirgi sai an gyara ta. Ana shimfiɗa katako biyu a tsawonta, a rufe su da tsohon kafet, su ne gadon da jirgi zai kwanta. A gaba a kafa ginshiƙi mai baki kamar gwafa, a naɗe shi da roba, inda goshin jirgi zai tokara. A baya, dama da hagu, a tsayar da ƙarfe biyu a zura musu bututun roba. Waɗannan ƙarafa biyu su ne abokan aikin mai aiki shi kaɗai: suna hana gindin jirgi kaucewa, kuma su kake hange a madubi idan tirela ta nutse.

2. Zaɓen magangara

Tabkunanmu ba su da gangaren siminti, ƙasa ce kawai, kuma bakin ruwan da ka sani bara ba shi ne na bana ba. Kada ka yarda da ido. Sa takalmin roba, ɗauki gora, ka taka duk hanyar da tayoyi za su bi har inda ruwa ya kai maka gwiwa. Kana neman ƙasa mai tsakuwa ko yashi mai tauri, mai gangara a hankali. Inda gora ta shige da sauƙi, taya ma shigewa za ta yi. Mashayar shanu takan yaudari mutum, don tana da faɗi kuma ba ciyawa, amma kofato ya riga ya dama ta, ƙarƙashinta taɓo ne. Gefen kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, ma haka, laka ce mai zurfi.

Ka tambayi sarkin ruwa ko dattawan wurin inda aka saba fitar da jirage. Gaisuwar minti biyar za ta iya hana ka kwana a bakin tabki kana haƙar mota.

Gargaɗi: ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, tsutsarta kuma ta fata take shiga. Kada ka ce minti goma ne kawai ka shiga da ƙafa tsirara. Takalmin robar nan ba ado ba ne.

Lokacin aiki kuma sassafe ne. Da hunturu iska daga gabas da arewa take busowa, kuma tana ƙaruwa idan hantsi ya yi. Kwalekwalen da babu kaya a ciki ba ya jure iska ta gefe, juya shi take yi. Da damina, idan hadari ya haɗo a gabas, ka bar aikin sai ya wuce.

3. Rage wa jirgi nauyi tun yana gaɓa

Fitar da komai: koma, taru, mali, filafili, kwandon kifi, jarkar mai. Jiƙaƙƙen taru kaɗai nauyin mutum ne. Idan akwai inji a baya, ka kwance shi ka kai mota, ko aƙalla ka ɗaga ƙafarsa ka kulle. Idan kana cikin masu kafa sanda su ɗaura tamfol don iska ta tura su, naɗe tamfol ɗin, ka cire sandar ka kwantar da ita yanzu. Sanda a tsaye tana kama iska lokacin da kake son jirgi ya natsu, a hanya kuma tana iya taɓa wayar lantarki. Jirgin da ke da katakon tuƙi a baya ko allon da ke sauka ta ƙasa, a ɗaga su duka kafin a matso tirela, in ba haka ba su ne za su fara karyewa.

Sai kwashe ruwa, kuma a nan mutane ke yin kasala. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jirgin da cikinsa ya kai mita 5 a tsawo da santimita 80 a faɗi, idan ruwan santimita 10 ya kwanta a ciki, lita 400 ke nan, daidai da jarka 16 masu cin lita 25. Wannan ruwan ba nauyi kawai yake ƙarawa ba. Da zarar goshin jirgi ya ɗaga, gaba ɗaya zai kwarara baya, ya danne gindin, ya ja winci da ƙarfin da ba ka shirya masa ba. Kwashe da bokiti, ka ƙarasa da tsumma.

Da ka gama, ɗaura igiya biyun, ka kafa turke a gaɓa ta ɓangaren da iska ke fitowa, ka ɗaure jirgin a nan. Ta haka idan lokaci ya yi iska za ta turo shi wajen tirela, ba ta kore shi ba.

4. Shirya tirela nesa da ruwa

Idan daga Damagaram ka taso zuwa Gidimuni, kusan kilomita 70 ka yi a kan kwalta, boris ɗin tayoyi ya yi zafi. Boris mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa ciki, giris ya lalace, bayan makonni taya ta kama wuta ko ta fice a hanya. Bar shi ya huce, ka yi aikin mataki na 3 a wannan tsakanin. Cire wayar fitilun tirela daga mota. Duba mahaɗin mota da tirela, ka tabbata ya kulle kuma sarƙar tsaro na maƙale. Warware bel ɗin winci har ƙarshen tirela, ka rataye ƙugiyar a jikin ɗaya daga ƙarafan baya inda hannunka zai kai ba tare da lalube cikin ruwa ba. Watsa wa kafet ɗin ruwa ya jiƙe, jirgi zai fi sulɓewa a kai.

5. Shiga ruwa da baya

Daidaita mota da tirela su miƙe sosai tun kana kan tudu. Sauke gilashi, kwance bel ɗin kujera, kashe rediyo. Riƙe sitiyari ta ƙasa: inda hannunka ya nufa, nan gindin tirela zai nufa. Tafi a hankali, gyara kaɗan-kaɗan. Idan tirela ta karkace, kada ka yi gardama da ita, ja gaba ka sake miƙewa.

Zurfin da ake so shi ne inda kusan kashi biyu cikin uku na katakon gado ya nutse, gabansu yana waje. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shiga da zurfi, mutum yana ganin kamar hakan zai rage masa ja. Abin da ke faruwa shi ne jirgi ya yi ta yawo a saman tirela ba abin da ke riƙe shi, idan an fito sai a tarar ya zauna a karkace, ko ya hau kan murfin taya. Idan kuma ba ta shiga sosai ba, sai ja ya yi tsanani, amma wannan ya fi sauƙin gyarawa. Saboda haka idan kana shakka, tsaya da wuri.

Tayoyin bayan mota kada su taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa idan da hali, salansa kuma kada ta kusanci ruwa.

Da ka tsaya: ja birkin hannu har ƙarshe, kashe mota, bar ta a giya ta ɗaya, fito ka sa waigi a bayan tayoyin baya biyu. Kada ka taka zuwa wajen jirgi sai ka yi waɗannan huɗun. Birkin hannun yawancin motocinmu tayoyin baya kawai yake kamawa, su ne kuma ke kan santsi.

Idan ƙasar ba za ta ɗauki mota ba

Wannan shi ne halin da za ka fi samu daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya ja ya bar fili mai ɓawon busasshiyar ƙasa a sama, danya a ƙasa. Kada ka gwada sa'a. Bar mota kan tudu, raba ta da tirela, haɗa su da doguwar sarƙa ko igiya mai kauri, ka shimfiɗa katako biyun nan a hanyar tayoyi, ka gangara da tirelar da hannu.

Amma ka kula ƙwarai. Tirelar da ba a haɗe take da mota ba, da zarar nauyin jirgi ya hau bayanta, hancinta sama yake tashi da ƙarfi, kuma kai kana tsaye daidai wurin kana murɗa winci. Kafa turke mai zurfi, ka ɗaure hancin tirelar ƙasa da shi. Sa waigi gaba da bayan kowace taya. Sarƙar da ta haɗa ta da mota ta kasance a miƙe, ba a sake ba. Ka sa guntun katako mai faɗi ƙarƙashin hancin don ya sulɓe a kai lokacin ja, kada ya yi huɗa a ƙasa.

Mai amalanken shanu ma wannan hanyar zai bi. Kwance shanun ka ɗaure su nesa kafin a fara ɗora jirgi. Dabba ba ta san ƙa'idar abu ɗaya a lokaci ɗaya ba, ƙuda ma zai iya sa ta taka gaba kana tsakanin amalanke da jirgi.

6. Kawo jirgi bakin tirela

Sa rigar kariya ko da ruwan gwiwa ne, domin idan ka zame ka bugu babu mai ciro ka. Kwance jirgi daga turke, igiyar goshi a hannu ɗaya, ta baya a ɗayan. Tura shi ya fita bayan tirela, kana tsaye ta gefen da iska ke fitowa. Ja igiyar goshi a hankali ka shigar da kan jirgin tsakanin ƙarafan baya biyu, igiyar baya kuma kana riƙe gindin da ita kada iska ta tafi da shi. Idan iska ta fi ƙarfin hannunka, zaga igiyar baya a turken nan ta dawo wurinka, sai ka riƙa sassauta ta kaɗan-kaɗan.

Kada ka naɗe igiya a hannu ko a wuyan hannu, riƙe ta kawai yadda za ka iya saki. Kada kuma ka tsaya tsakanin jirgi da ƙarfen tirela.

Da goshi ya hau kan katako ya tsaya, ɗaure igiyar goshi a ginshiƙin gaba nan take, kafin ka miƙa hannu ga ƙugiya. Sannan ka maƙala ƙugiyar winci a zoben goshin jirgi. Kwalekwalen katako da yawa ba su da wannan zobe, sai ka ga an maƙala a katakon zama ko a ƙusa. Ficewa za su yi. Idan babu zobe, zaga bel a jikin jirgin ta bayan katakon da ya gitta na farko, ka haɗo bakinsa biyu a ƙasan goshi, ka ja daga nan. Mafi kyau dai ka sa a huda maka goshin a ɗaura zoben ƙarfe mai noti da faranti ta ciki, ƙasa-ƙasa kusa da inda ruwa ke tsayawa, don ja ya riƙa ɗaga goshin maimakon danne shi.

7. Murɗa winci

Tabbatar harshen winci yana kan haƙora, kana jin ƙararsa. Tsaya ta gefe, fuskarka ba ta kan layin bel, ƙafarka a kafe. Murɗa sau biyar ko shida, tsaya, leƙa ka ga ko tsakiyar jirgi na bin tsakiyar tirela. Idan ya kauce, yanzu ne gyara ke da sauƙi, tun gindin yana kan ruwa: sassauta kaɗan, tura da gora, ci gaba. Kowane ɗan lokaci ka tsuke igiyar goshin da ka ɗaure a ginshiƙi, ita ce za ta riƙe jirgin idan bel ya tsinke.

Idan ja ya yi nauyi farat ɗaya, wani abu ne ya tokare. Kada ka ƙara ƙarfi. Je ka duba, sau da yawa ƙasan goshi ne ya ci karo da ƙarfen da ya gitta, ko igiya ta shiga ƙarƙashi. Idan babu abin da ya tokare, nauyi ne kawai, to ɗaure jirgin sosai, koma mota, matsar da waigi baya kamar taki ɗaya, gangara har tayoyi su same su, sake yin abubuwa huɗun nan, sannan ka dawo. Wannan zirga-zirga tana gajiyarwa, kuma a nan ne zuciya ke raya wa mutum ya bar waigi sau ɗaya kawai. Kada ka bari.

Gargaɗi: kada ka ɗaga harshen winci alhali akwai nauyi a kai sai hannunka na riƙe da mariƙin gam. Idan ya kuɓuce, juyawa yake da gudun da ke karya yatsu da haƙora. Idan ya riga ya kuɓuce, ja da baya ka bar shi, kada ka kai hannu.

Ci gaba har goshi ya zauna cikin gwafar nan babu rata. Maƙala guntuwar sarƙa daga zoben goshi zuwa ginshiƙi.

8. Fitowa

Cire waigi ka jefa cikin mota, ƙafarka na kan birki kafin ka saki na hannu. Giya ta ɗaya, idan motar mai jan taya huɗu ce ka sa ƙaramar giya. Taka mai a hankali, ba fizga. Ja kamar mita biyu ka tsaya, ja birki, sa waigi, je ka duba yadda jirgin ya zauna yanzu da ruwa ya sake shi. Idan ya karkace, koma da baya kaɗan ya taso, ka gyara. Kada ka ce za ka ture shi da kafaɗa a kan tudu.

Idan tayoyi suka fara juyawa wuri ɗaya, ɗaga ƙafa nan da nan, don ƙarin mai ƙarin rami ne. Haƙe gaban tayoyin da shebur, cusa katako, rage musu iska kaɗan idan yashi ne, sake gwadawa. Wanda ya ja da doguwar sarƙa, ya tabbata babu yaro ko dabba kusa da ita, kuma idan tirela ta hau tudu ya sa mata waigi kafin ya kwance.

9. Ɗauri da hanya

Matsa daga magangara don wasu su samu wuri. A fili mai tauri ka gama ɗauri: bel ɗaya a gindi, ɗaya a tsakiya, kowanne ya kama ƙarfen tirela, da guntun kafet a inda ya taɓa gefen jirgi. Winci ba ɗauri ba ne, aikinsa ja. Ƙara igiya daga goshi zuwa ƙasa don kada ya riƙa tsalle a gargada.

Gwada nauyin hancin tirela. Ana so kusan kashi 10 cikin 100 na dukkan nauyin ya sauka a kan mahaɗin mota. Idan tirela da jirgi sun kai kilo 500, hancin ya yi kamar kilo 50, wato buhun siminti ɗaya. Idan ka ɗaga shi da hannu ɗaya ba wahala, nauyi ya koma baya, kuma tirela za ta riƙa kaɗa gindi a kan kwalta. Matsar da jirgin gaba, ko ka sa taru da inji a gaban tayoyi.

Cire duk ciyawa da kainuwa da ƴaƴan kacalla da dodon koɗi daga jikin jirgi da tirela kafin ka tashi. Duk wanda ya ga yadda kacalla ke cinye bakin ruwa a Gidimuni ba zai so ya kai irinta wani tabki ba, katantanwa kuma ita ce gidan tsargiya.

Mayar da wayar fitilu ka gwada su. Ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen jirgi idan ya zarce tirela. Takardun mota da na tirela da takardar izinin kamun kifi ta ma'aikatan gandun daji su kasance a kusa, don akwai shingaye a hanyar Gure da ta Magarya. Bayan kilomita biyar na farko ka tsaya ka sake tsuke bel, domin jiƙaƙƙen kafet yana lotsawa. Taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannu. Ɗumi ba komai, amma idan ta ƙona ka, boris ne, kada ka ci gaba sai an duba.

Jirgin katako kuma ba ya son rana da iskar hunturu. Idan tafiyar za ta wuce awa biyu, ko zai kwana a tudu, rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ka riƙa yayyafa musu ruwa, in ba haka ba mahaɗan katako za su buɗe. Idan ka isa, kafin ka loda masa kaya ka bar shi ya kwana a ruwa marar zurfi, da safe ka kwashe abin da ya shiga, ka duba inda yake yoyo ka toshe.